Yadda Matasan Fada Za Su Kafa Aikin Sa-kai Na Kula Da Tsofaffi, Yara Da Gidaje Masu Rauni A Tahoua

Da an gama kaka a ƙasar Adar, maza da yawa sai su ɗaura jaka su tafi bida: wasu Abijan, wasu Libiya ko Aljeriya, wasu Najeriya. Waɗanda ake bari a gida su ne mata, yara da tsofaffi. Gidan da saƙo ke zuwa masa yana lallaɓawa, amma akwai gidan da wata uku ke wucewa ba a ji ko sallamar mai gidan a salula ba. Irin waɗannan gidaje suna nan a kowace unguwa, kuma galibi ba sa fitowa roƙo.

Taimakon juna ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Iyayenmu sun yi gayya a gona, sun yi samariya a zamanin Seyni Kountché. Abin da ya rage shi ne fadar da ke haɗuwa kowane dare a kan shayi ta ware wani abu daga lokacinta da aljihunta, ta yi shi da tsari. Wannan bayani na fada ce mai mutum 10 zuwa 20, wadda ba ta da wani mai ɗaukar nauyinta. Ginshiƙin aikin guda ne: ku ɗauki gidaje kaɗan, ku riƙe su ba fashi, ku rufa musu asiri.

KAYAN DA ZA KU TANADA

Kaye biyu masu kauri, ɗaya na kuɗi, ɗaya na gidaje. Kada a haɗa su, domin kayen kuɗi kowa zai gani, na gidaje kuwa mutum biyu ko uku kaɗai. A haɗa da bik shuɗi na rubuta abin da ya shigo, da ja na abin da ya fita.

Akwatin ƙarfe mai ɗaukar kwaɗo biyu, kowane mabuɗi a hannun mutum daban.

Tiya ɗaya ta awo, a yi mata alama da fenti. Da ita za a riƙa karɓa, da ita za a riƙa rabawa. Tiyoyi ba girmansu ɗaya ba, kuma sauya ma'auni a tsakiyar aiki yana jawo zargi ko da ba a ci komai ba.

Buhunan zuba hatsi, da buhu mai riɓi uku irin na PICS idan za ku ajiye wake.

Bido huɗu zuwa shida na lita 25, waɗanda ba a taɓa zuba fetur ko maganin ƙwari a ciki ba, da kura ko amalanken jaki ko da na aro ne.

Shebur biyu, manjagara, tsintsiyoyi, baro, bokiti, sabulu, safar hannu ta roba, da abin yanke farce.

Igiyar awon damtsen yara mai launi uku, ja da rawaya da kore. Ba sai kun saya ba, ku tambayi majo, wato shugaban likitar unguwarku (CSI), shi ne kuma zai koya muku aiki da ita.

Salula ɗaya da aka sani ta ƙungiya ce, da zauren WhatsApp na mambobi kaɗai.

Idan babu kuɗin akwati, a fara da kaye biyun da tiya. Sauran kayan a ara a gidaje, a rubuta na wane ne, a mayar da su a wanke a ranar.

1. KU ZAUNA KU RABA AIKI

Ku sa rana ta musamman, ba a tsakiyar hirar ƙwallo ba. Kowa ya faɗi gaskiyar abin da zai iya: awa nawa a mako, kuɗi nawa. Wanda ya ce awa biyu ranar Asabar kuma ya cika, ya fi wanda ya ce kullum yana nan.

Muƙamai huɗu sun isa: shugaba, ma'aji, magatakarda, da mai kula da kaya. Kada ma'aji da magatakarda su fito daga gida ɗaya, kuma kada shugaba ya riƙe kuɗi.

Dole a samu ƴan mata da matan aure matasa a cikin tafiyar, aƙalla kashi ɗaya cikin uku. Yawancin waɗanda za ku taimaka mata ne. Saurayi ba ya shiga gidan matar da mijinta ke bida, ba ya yi wa tsohuwa wanka, kuma mace ba za ta gaya masa ainihin damuwarta ba. Idan fadarku ta maza ce zalla, ku nemi ƙannenku da yayyenku mata su kafa nasu reshe, su riƙa zama da rana a gidan wata dattijuwa da iyaye suka yarda da ita, asusu kuma ya zama ɗaya.

2. KU GAIDA MANYA KAFIN KU TAƁA KOMAI

Mutum uku su je wurin mai unguwa, sannan limamin masallacin da ya fi kusa, sannan majo, sannan daraktan lakkol. Ba roƙon kuɗi za ku je ba, sanarwa ce da neman albarka. Ku faɗi abin da za ku yi cikin magana uku, ku faɗi abin da ba za ku yi ba: ba ku ba da magani, ba ku shiga rikicin aure ko na gado, ba ku yi wa kowa kamfe.

Matasa kan tsallake wannan mataki don gaggawa, kuma nan ake samun matsala. Ranar da wani ya ce samari suna shige da fice a gidan wance, mai unguwan da ya san da zamanku ne zai kashe maganar tun ba ta yi nisa ba.

 Idan kun kai ga karɓar kuɗi daga waje ko buɗe asusun banki, sai kun yi takardun rijista. Dokar ƙungiyoyi a Nijar ita ce mai lamba 84-06 ta ranar 1 ga Maris 1984. Za a nemi kundin tsarin ƙungiya, dokokin cikin gida, takardar zaman da kuka kafa ta, da sunayen shugabanni. Ku fara tambaya a ma'aikatar magajin garin da'irarku, Tahoua ta ɗaya ko ta biyu. 

3. ZAƁEN GIDAJE

Nan ne aikin ke gyaruwa ko ya lalace. Kada ku yi shela, kada ku ce duk mabuƙaci ya zo ya rubuta suna. Idan kuka yi haka za ku wayi gari da suna ɗari biyu, masu ƙarfin baki a gaba, ita kuwa tsohuwar da ba ta iya tashi daga tabarma ba ta ma ji labari ba.

Ku tambayi mutum huɗu, kowa shi kaɗai: mai unguwa, liman, ungozoma ko wata dattijuwa da ke shiga gidaje, da mai shagon unguwa ko mai injin niƙa. Mai shago ya san wanda bashi ya yi wa katutu. Mai inji ya san gidan da ya kwana biyu bai kawo niƙa ba. Kowannensu ya ba ku gida goma. Sunan da ya fito a baki uku ko huɗu, da shi za a fara.

Sannan ku auna da tambayoyi bayyanannu. Akwai mai nema a gidan? Sau nawa ake ɗora tukunya a yini? Akwai tsoho ko mai naƙasa da ba ya iya ɗebo ruwa? Akwai yaro ƙasa da shekara biyar da ya rame? Akwai ɗan shekarun lakkol da ke yawon talla ko bara? Ɗakin zai iya tsallake damina?

Fada mai mutum 15 kada ta wuce gida bakwai ko takwas a shekarar farko. Za ku ji kamar kaɗan ne. Ba kaɗan ba ne, sai an shiga watan Agusta za ku gane. Alkawari kaya ne, kuma tsohon da aka saba wa zuwa duk Asabar, idan aka daina, ya fi shiga damuwa a kan da can da ba a taɓa zuwa ba.

Idan an kawo sunan dangin wani mamba, ba laifi, amma shi ya tashi daga zaman har a yanke shawara.

4. ZIYARAR FARKO

Mutum biyu, ba ɗaya ba, ba biyar ba. Mata wurin mata, maza wurin maza. Idan tsohuwa ce ita kaɗai kuma aikin ƙarfi ne, mace ta fara shiga ta nemi izini. Ku je da hantsi ko bayan la'asar, ba lokacin cin abinci ba, don kada ku sa mai gida jin kunyar abin da ba shi da shi. Kada ku riƙe kaye a hannu, kada ku sa riguna iri ɗaya.

A yi sallama, a tuɓe takalmi, a durƙusa a gaisa sosai. "Inna, ina wuni, ina gajiya, yaya ƙarfin jiki?" Idan ta ba ku ruwa ku sha. Idan ta tsokani saurayin cikinku ta ce ga angonta ya zo hannu rabbana, ya amsa mata wasan, don ta nan zumunci ke shiga. Sannan a ce: "Inna, mu jikokinki ne na fadar bakin masallaci. Mun ce bari mu riƙa leƙo ki, ko akwai ɗan aikin da za mu kama miki."

Ido ya fi baki aiki a wannan rana. Dubi randa, akwai ruwa ko ta bushe? Dubi murhu, tokar ta yau ce ko ta kwana uku? Ɗaga kai ka dubi azara, ko akwai inda haske ke shigowa. Akwai sange a rataye? Hanyar bayi a share take, ko akwai duwatsun da za su kayar da mai sanda? Tambaya ɗaya ta isa: "Me ya fi damun ki a kwanakin nan?" Amsar takan ba da mamaki. Kuna tsammanin za ta ce hatsi, sai ta ce ƙyauren ɗakinta ne ba ya rufuwa, ko ta ce wata huɗu ba ta ji muryar ɗanta ba.

Kada ku yi alkawarin komai a ranar. Ku ce za ku dawo rana kaza, kuma ku dawo. Sai kun fita ku rubuta abin da kuka gani. A kayen kuɗi kuwa a sa lamba maimakon suna: gida na 1, gida na 2.

5. KUƊI

Ku fara da aljihunku. Dala hamsin, wato sefa 250, a mako ga kowane mamba abu ne da yawancin matasa za su iya. Mutum 20 za su tara jika 5, wato sefa 5,000, a mako, jika 20 a wata. Amma ku yi lissafi da mutum 15, don kullum akwai wanda zai gaza, wato jika 15. A raba kamar haka: jika 8 na hatsi, jika 4 na lafiya da kuɗin kabu-kabu zuwa likita, jika 3 na sabulu, ruwa da itace. Kason lafiya ba a taɓa shi don wani abu, ko an ga ya taru. Damina za ta cinye shi.

Wanda ba shi da kuɗi ya biya da aiki: ɗibar ruwa sau biyu a mako, ko aron amalanke, ko ɗinki idan tela ne. A rubuta masa kamar yadda ake rubuta wa mai kuɗi.

Hanya ta biyu ita ce ƴan unguwa da ke bida. Da yawansu suna son taimakawa, abin da ke hana su tsoron a ci ne. Duk wanda ya turo ta kamfanin tura kuɗi na Nita ko Amana, a tura masa hoton rasit da hoton shafin kayen da aka rubuta kuɗinsa a ranar. Wanda ya ga haka sau biyu, shi zai jawo muku wasu.

Ƙa'idoji uku da ba a sassautawa. Ba a buɗe akwati sai masu mabuɗi biyu suna nan. Ba a ba mamba rance daga asusu, ko na kwana ɗaya ne, ko shugaba ne. Ba a sayen shayi da sukarin fada da kuɗin. Ƙungiyoyin matasa da yawa ba sata ce ta kashe su ba, rance ne da aka ce za a mayar ranar kasuwa.

Idan wani ya ba ku zakka, ku rubuta ta daban, ku tambayi liman waɗanda ta halatta a ba. Ba a sayen shebur ko biyan kuɗin takardu da ita.

6. HATSI: LISSAFI, SAYE DA AJIYA

Mutum ɗaya yana buƙatar kimanin giram 400 na hatsi a yini. Tiya tana ɗaukar kusan kilo biyu da rabi, buhu mai kilo 100 kuwa tiya 40 ne. Ke nan tiya ɗaya abincin mutum shida ne na yini guda, tsoho shi kaɗai kuma tiya 5 za ta kai shi wata.

Ga misali. Tsofaffi uku da ba su da kowa, tiya 5 kowane wata har shekara: tiya 180, buhu huɗu da rabi. Gidaje huɗu masu yara, ba za ku iya ciyar da su gaba ɗaya ba, sai dai tallafi na tiya 10 a wata a watanni huɗun da rumbu ke ƙarewa, Yuni zuwa Satumba: tiya 160, buhu huɗu. Jimla buhu takwas da rabi. Kuɗin mako-mako kaɗai ba zai saya muku wannan ba, don haka lokacin saye shi ne komai.

Ku saya da kaka, Oktoba zuwa Disamba, lokacin da sabon hatsi ya cika kasuwa. Wanda ya jira Yuli zai saya da tsada sosai. Kuma da kaka ne ake bin manoman unguwa, da rakiyar wakilin liman, a roƙi dami ɗaya-ɗaya. Manomin da zai yi nauyin ba da jika biyu ba ya jin nauyin ba da dami a bakin gona. Ku yi gayyar sussuka da kanku, ku auna a gaban mutane. Idan kaka ta wuce ku, ku saurari lokacin da gwamnati ke sayar da hatsi da rahusa ta hannun ofishinta na kayan abinci, OPVN, ku nemi mai unguwa ya sa gidajenku a lissafi.

Wurin ajiya ya zama ɗaki mai kulle, marar yoyo. Kada buhu ya taɓa ƙasa ko bango: a jera katako ko bulo a ƙasa, a bar tazarar tafin hannu biyu daga bango. Hatsin ya bushe sarai, idan ka ciza ƙwaya ta fashe da ƙara. Gero yana jure ajiya, wake ne ke saurin yin ƙwari. A zuba shi a buhu mai riɓi uku, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban, kada a buɗe sai ranar rabo. Idan babu irin buhun, bido busasshe da aka cika maƙil aka toshe bakinsa yana aiki. Kada ku zuba maganin ƙwari na kasuwa a abincin da tsoho da yaro za su ci.

Wajen rabo, ku kai da magariba ko da sassafe, mutum biyu, a cikin buhun da ba a rubuta komai a kai ba. Kuma ku tuna tsaba ba abinci ba ce ga wadda ba ta iya ɗaga taɓarya. Ku kai niƙa tukuna, ko ku ba maƙwabciyar da ke dafa mata, a ƙara wa maƙwabciyar tiya ɗaya don wahalarta. Mai haƙora kaɗan ya fi son fura da kunu a kan tuwo, ku tambaye shi. A haɗa da ɗan itace ko gawayi, da gishiri da kuka.

7. AIKIN MAKO A WURIN TSOFAFFI

Kowane gida a ba shi mutum biyu tsayayyu da mutum ɗaya na maye gurbi. Tsoho ba ya son sabuwar fuska kowane mako. Ziyara biyu a mako, ɗaya ta aiki, ɗaya ta gaisuwa.

Ranar aiki: a wanke randa a cika ta, bido biyu aƙalla. A share ɗaki da tsakar gida, a fitar da shimfiɗa rana, a wanke tufafi, a yanke farce a hankali bayan an jiƙa su a ruwan ɗumi. Kada ku jefar da komai ba da izini ba. Tsummar da kuka ga ba ta da amfani wataƙila rigar marigayin mijinta ce.

Idan an gama, a zauna. Minti ashirin na hira ba ɓata lokaci ba ne, rabin aikin ke nan. Ku tambayi Baba yadda Bilbis da Fakuwa, ƙauyukan da suka zama Tahoua, suke kafin gari ya haɗe, ku ji baki ya buɗe. Ku kira masa ɗansa da ke bida a salularku, ku ba shi ya yi magana, ku ɗan matsa gefe.

Mai jinya da ke kwance ana juya shi kowace awa biyu don kada bayansa ya yi gyambo. Wannan ba aikin da za ku iya daga waje ba ne, sai ku koya wa na cikin gida, ku kuma duba ƙugu, duwawu da diddige duk zuwa. Ja ko ɗayewar fata alama ce ta a kira ma'aikacin lafiya.

A watannin Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40, tsofaffi kuma ba sa jin ƙishirwa da wuri. A ajiye musu ruwa inda hannu zai kai, a fitar da su daga ɗakin kwano zuwa rumfa da rana. Da sanyin Disamba da Janairu kuwa, bargo da toshe kafofin iska. Ku gargaɗe su da babbar murya kada a kwana da garwashi a rufaffen ɗaki, hayaƙinsa da ba a gani yana kisa.

Ba ku ba da magani, ba ku sayo na masu talla a tire. Aikinku rakiya zuwa likita, riƙe takardar magani, da tunatar da lokacin sha. Idan baki ya karkace, ko hannu ɗaya ya saki, ko magana ta sarƙe farat ɗaya, a tafi asibiti nan take, ba a jira gobe. Lambar ƴan kwana-kwana 18 ce.

8. YARA

Awon damtse na yara ne daga wata 6 zuwa wata 59. A hannun hagu ake yi, a tsakiyar tazarar kafaɗa da gwiwar hannu, hannun a sake. Igiyar ta kwanta a fata, ba a matse ba, ba a yi sako-sako ba. Kore lafiya. Rawaya, wato santimita 11.5 zuwa 12.5, tamowa ta fara, a kai CSI cikin makon. Ja, ƙasa da 11.5, a kai a ranar. Sannan a danna bayan ƙafafun yaron biyu da babban yatsa, a ƙirga uku a hankali. Idan gurbin yatsa ya zauna a duka biyun, kumburi ne, shi ma na ranar ne ko da igiya ta nuna kore. A yi awon sau ɗaya a wata, a gaban uwa, a kuma koya mata ta riƙa yi da kanta.

Idan likita ya ba da abincin tamowa na leda irin Plumpy'Nut, ku bayyana wa gidan cewa magani ne na yaron shi kaɗai. Kuskuren da aka fi yi shi ne raba shi da sauran yara ko sayar da shi. Faɗa ba ya hana wannan, yunwa ce ke jawo shi. Ku ƙara wa gidan hatsi a watannin jinyar.

Tun 2006 aka sa kula da lafiyar yara ƴan ƙasa da shekara biyar ta zama kyauta a likitocin gwamnati, amma ku tafi da ɗan kuɗi, don wani lokaci sai an sayo magani a waje. Yaron da ya kasa shan nono ko ruwa, ko yake amayar da komai, ko ya yi jijjiga, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, ba a jira da shi. Mai zawo a ba shi ruwan gishiri da sukari na leda: leda ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, abin da ya kwana ya wuni a zubar. Da damina ku tabbata yaran gidajenku ba su tsallake zagayen maganin rigakafin masassarar cizon sauro da ake bi gida-gida ba, kuma suna kwana cikin sange. Sabon sange a shanya shi a inuwa yini guda kafin a rataya.

Batun lakkol a fara shi tun Satumba, kafin komawar Oktoba. Ɗan CI ko CP, wato azuzuwa biyu na farko, allo, alli da kaye ɗaya ko biyu yake buƙata, na manyan azuzuwa a karɓo jerin kayan daga wurin malaminsu. Ku tambayi takardar haihuwa. Yaro da yawa sai ya kai CM2, ajin ƙarshe na firamare, ake gane ba shi da ita. Jariri a yi masa rijista cikin kwana 60 da haihuwa, wanda ya wuce haka sai ta hanyar alƙali, darakta ko ma'aikatar magajin gari za su nuna muku yadda ake bi.

Idan akwai ɗalibai a cikinku, su buɗe bitar karatu sau biyu a mako, awa ɗaya, yara kada su wuce goma ga mutum guda. A fili ake yi, ƙofar gida ko rumfar da kowa ke gani. Babba ɗaya ba ya keɓewa da yaro a ɗaki, ko wane ne shi. Idan kuka ga alamar ana dukan yaro fiye da kima ko ana lalata da shi, kada ku je ku tari mai laifin, kada ku watsa a waya. Shugaba da mace ɗaya babba su kai maganar ga ofishin kare yara ko ƴan sanda.

9. AYYUKAN GAYYA NA SHEKARA

Yaɓe shi ne babba, kuma a watan Mayu ake yinsa, kafin ruwan farko. A kwaɓa ƙasa da ƙaiƙayi ko ciyawa, a bar ta ta kwana biyu tana ruɓa, sannan a yaɓe rufi da bango. A duba indararo, a buɗe hanyar ruwa daga tsakar gida zuwa waje. Ku nemi magini ɗaya ya tsaya a kanku. Mutum biyu kaɗai ke hawa rufi a lokaci guda, kuma idan azara ta ci gara ba a hawa sam, sai an sauya ta. Ɗakin da bangonsa ya tsage daga sama har ƙasa ba na yaɓe ba ne, a nema wa mai shi wurin kwana kafin Agusta. Idan kuɗin azara ya gagara, leda mai kauri da aka shimfiɗa aka danne da ƙasa za ta iya fitar da damina ɗaya.

Da azumi, kunu da ɗan abin buɗa baki a kai kafin magariba, kowane gidan mamba ya ɗauki rana. Zakkar fidda kai idan an ba ku ku raba, ta isa hannun masu ita kafin a sauko idi. Da layya ku bi gidaje tun ranar farko, a soya naman sosai ko a shanya, don ɗanye ba ya kwana a gidan da babu firji.

10. HOTO DA ƳAN SIYASA

Kada a ɗauki hoton fuskar wanda aka taimaka yana riƙe da buhu. Wanda ya ga hoton uwarsa a Facebook yana can Abijan, ba zai gode muku ba, kuma gidan zai rufe muku ƙofa. Idan masu ba da gudummawa suna son shaida, ku ɗauki hoton buhuna, rasit, rufin da aka gyara, da ku kanku kuna aiki. Hoton yaro kuwa ba a sa shi ko uwarsa ta yarda.

Mai neman kujera zai iya kawo muku shinkafa. Idan ya yarda ta shiga kaye kamar ta kowa, a raba ta ga gidajen da kuka riga kuka zaɓa, ba hula ba riga, ku karɓa. Idan ya ce sai an tara mutane a gabansa, ku ba shi haƙuri cikin ladabi.

11. ZAMAN WATA DA MIƘA AIKI

Ranar Juma'ar farko ta kowane wata, bayan la'asar, a zauna awa ɗaya. Ma'aji ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, a buɗe akwati a ƙirga a gaban kowa, mai kula da kaya ya faɗi tiya nawa ta rage. Idan lissafi bai daidaita ba ko da dala ashirin ce, a nemo ta a zaman, kada a ɗaga. Sannan masu kula da kowane gida su yi bayani da lamba, ba da suna ba. Wanda ya yi fashin ziyara sau biyu a jere ba tare da ya sanar ba, a ba na maye gurbinsa gidan, ba tare da cin fuska ba.

Gidan da ya farfaɗo, misali mai gida ya dawo ko saƙo ya fara zuwa, ba a yanke masa farat ɗaya. A gaya musu wata guda kafin lokaci, a rage hatsin zuwa rabi, a ci gaba da zuwa gaisuwa.

Ku ma kanku bida za ta ɗebi wasunku, wasu kuma karatu zai kai su Yamai. Don haka tun watan Satumba kowa ya faɗi ko yana nan bana. Mai tafiya ya ɗauki wanda zai gaje shi, su je gidan tare sau uku kafin ya tashi, ya gabatar da shi da bakinsa: "Baba, ga ƙanena, shi zai riƙa zuwa har in dawo." Idan ma'aji ne ko mai riƙe da mabuɗi, a ƙirga kuɗi da hatsi a gaban mutum uku, tsohon da sabon su sa hannu a shafi ɗaya, a rubuta kwanan wata.